Baba Kanne da Idon Kyamara

Mahaifina kafinta ne, kuma idanunsa biyu lafiyarsu ƙalau, amma a layinmu akwai waɗanda suka shekara goma suna gaishe shi ba su taɓa ganin na hagun a buɗe ba. Duk abin da aka nuna masa, katako ne ko takarda ko jaririn da aka haifa jiya, sai ya ja da baya taku ɗaya, ya kanne ido, ya karkatar da kai. Daga nan aka sa masa Baba Kanne. Bai taɓa jin haushin sunan ba.

Yana ɗan shekara goma sha uku aka kai shi koyon aiki wurin wani tsohon kafinta mafaɗaci. Wata shida tsohon bai bar shi ya taɓa zarto ba. Aikinsa kawai ya ɗaga katako zuwa fuskarsa, ya leƙa tsawonsa da ido ɗaya, ya faɗi ko ya miƙe ko ya lanƙwashe. In ya yi kuskure a ranƙwashe shi. Da aka gama wata shidan, ranƙwashin ya tsaya, idon kuwa bai koma daidai ba har yau.

Ta wannan idon ma ya samu Mama. Tana budurwa tana taya mahaifinta tsaron shagon kwanuka, sai wani saurayi ya shigo sayen kofi, ya tsaya a gabanta ya kashe ido. Washegari ya dawo, ya sake. Rana ta uku Mama ta yi kwalliya tun da safe, ta gaya wa yayarta cewa ta yi kamu. Rana ta huɗu ya shigo da guduma da ƙusoshi, ya gaishe da mahaifinta, ya ce don Allah a ba shi izini ya gyara kantar da ke bayan yarinyar nan, kwana uku ke nan karkacewarta ta hana shi sukuni. Mama ta ce ta yi sati ba ta yafe masa ba, kuma har yanzu in an matsa mata da tambaya ba ta da tabbas.

A gidanmu muka tashi komai a miƙe. Kalanda a miƙe, madubi a miƙe, takalma a bakin ƙofa kamar sojoji. Akwai shekarar da na zo ta ɗaya a ajinmu, na kawo masa sakamakon da gudu. Ya karɓa, ya kanne ido, ya ce malamin da ya ja layukan nan ba shi da rula ne? Ranar da mijin yayata ya fara zuwa gaishe shi, Baba ya bar shi yana magana ya tashi ya naɗe takarda ya cusa a ƙarƙashin ƙafar kujerar da yake kai. Bawan Allah ya ci gaba da bayanin aikinsa ana ɗaga shi ta gefe ɗaya.

Ni ce auta, kuma ni ce na ɗauko sana'ar hoto. Bayan na gaji da hotunan taro, na samu aiki da wani dillalin gidaje. Abin da yake so shi ne hoton zagaye, wanda mai neman haya zai buɗe a wayarsa ya riƙa jan yatsa yana ganin ɗakin ta kowane ɓangare kamar yana tsaye a tsakiyarsa. Yadda ake yi, a kafa kyamara a kan ƙarfenta mai ƙafa uku, a ɗauka, a juya kaɗan, a sake ɗauka, har a zagayo. Sai kwamfuta ta ɗinke hotunan su zama ɗaya.

Nawa ba sa ɗinkuwa. Duk inda hoto ya haɗu da ɗan'uwansa sai wani abu ya karye. Ƙarfen taga ya rabu biyu, tayil ya hau kan tayil, famfon kicin ya fito da baki biyu. Dillali ya kira ni ya ce wata mata ta tambaye shi ko girgizar ƙasa aka yi a gidan, in haka ne a rage mata kuɗin haya.

Wata rana da la'asar ina zaune a teburin falo ina fama da hoton wani gida mai hawa biyu, Baba ya zo wucewa da kofin shayi. Ya wuce, ya tsaya, ya dawo da baya.

"Auta, ƙofar wane ce wannan?"

"Wani gida ne, Baba, bayan asibiti."

"Mai baranda shuɗiya?"

Na ce eh. Ya ajiye kofin. A hoton, katakon gefen ƙofar ya gangaro lafiya har tsakiya, sai ya yanke, ya ci gaba daga can gefe kamar an sare shi an manna da gaggawa.

"Ni na sa ƙofofin gidan nan," in ji shi. "Guda bakwai. Kina goye a lokacin."

"Baba, ba ƙofar ba ce, hoton ne."

"Mutum nawa suka ga wannan?"

Na yi wautar duba masa. Ɗari uku da goma sha ɗaya. Ya zauna a hankali kamar wanda aka gaya wa rasuwa.

Da safe sai da ya sa na kai shi. Ya saka rigarsa ta fita, ya rataya jakar aiki. Dillali ya zo ya buɗe mana yana ta "sannu Baba, sannu Baba," bai san me ake ciki ba. Baba bai kula shi ba. Ya bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya da ma'aunin nan mai ruwa a ciki, ya sake bin su da zare mai dalma a ƙasa, ya kwanta a ƙasa ya leƙa, ya hau bokiti ya leƙa. Dillali ya ja ni gefe ya ce, "Hukuma ce ta turo shi?" Na ce a'a, shi ya turo kansa.

Bakwai ɗin duka a miƙe suke. Baba ya karkaɗe gwiwoyinsa ya nuna jakar kyamarata da haɓa.

"To wannan ce maƙaryaciyar."

A hanyar komawa na gaya masa abin da na karanta ban gane ba sosai. Wai a cikin gilashin kyamara akwai wani wuri guda da take kallon duniya ta nan, kamar ƙwayar idonta. In za a juya ta, dole a juya ta daidai a kan wannan wurin. In ba haka ba, abin da ke kusa da abin da ke nesa sai su goce wa juna tsakanin hoto da hoto. Ni kuwa a kan notin da ke ƙarƙashin cikinta nake juya ta, can baya.

Baba ya tsaya cik a tsakiyar titi. Ya miƙa hannu, ya ɗaga babban yatsa, ya saita shi da wata fitilar titi.

"Yi haka. Rufe na hagu. Yanzu buɗe shi ki rufe na dama. Yatsan ya yi tsalle?"

"Ya yi."

"Yatsan bai motsa ba, fitilar ba ta motsa ba. Idon ne ya sauya wurin zama. Wannan ne kuka rubuta a littafi? Ai tun kafin a haife ki na sani, da ranƙwashi aka koya min. Kyamararki ido ɗaya gare ta, wannan ta kyauta. Matsalarta wuyanta ne ba ya ƙarƙashin idon."

Wani mai babur ya danna mana oda, mu biyu muna tsaye da yatsu a sama.

A gida ya ce in ba shi ya ga idon. Na ƙanƙance ramin da haske ke shiga kyamarar, na juyo masa da gilashin. Ya leƙa ta gaba, ya ga wata 'yar huda tana shawagi can ciki. Ya ɗauko tef ɗin awo, ya rasa inda zai sa shi. Ya ɗauko sukundireba.

"Baba, me za ka yi?"

"Buɗewa zan yi in auna in mayar."

Na ce ko ya buɗe ba zai same ta a nan ba, don gilasan da ke gaba ne suke nuna ta a wurin, ainihin hudar tana wani wuri daban. Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce shekara hamsin yana aiki bai taɓa ganin abin da yake a inda ba ya nan ba. Ya ajiye sukundireban, amma kusa. Kwana uku ina shiga wanka da kyamarar a cikin leda.

Da ya ga ba zan bari ba, sai ya ce to za a kama idon daga waje. Yana bukatar katako mai tsaga a tsakiya, wanda kyamara za ta riƙa zamewa gaba da baya a kansa. Ya juye shagonsa kaf, ya ce duk katakan ɗanyu ne, za su murɗe. Katako ɗaya ne a duniya ya yarda da bushewarsa, shi ne wanda Mama ta shekara ashirin tana yanka albasa a kai. Ya jira ta tafi kasuwa.

Ta dawo ta tarar da rabi.

"Baban yara, ina sauran?"

"Yana aiki."

"Da can hutu yake yi?"

Ya ce zai yi mata wani. Ta ce ta ji, kamar yadda ta ji batun marfin tukunyar da ya mayar mazubin gam. Abin da ya ƙara ɓata lamarin, ya yanke tef ɗin ɗinkinta ya manna a gefen katakon don a riƙa karanta awo. Amma aikin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Sumul, da noti mai kunne a ƙasa. Warin albasa ne kawai bai fita ba.

Saura gwaji. Ana son abu biyu tsayayyu, ɗaya kusa ɗaya nesa, a saita su har na kusa ya rufe na nesa. Sai a juya kyamara dama, a juya hagu. In na nesan ya leƙo, ba a samu wurin ba, a zame kyamarar kaɗan a sake. Mun fara da sandar labule da turken lantarkin da ke ƙofar gida, amma Baba ya ce turken a karkace yake, ba zai iya kallonsa sau hamsin ba tare da zuciyarsa ta tashi ba.

Don haka ya tsayar da Mama a bakin ƙofa da sandar goge ƙasa, ya ƙetara titi ya kirawo Mai Walda. Shagon Mai Walda yana kallon nasa, kuma shekara talatin suna abota ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba. Mai Walda yana cewa katako itacen girki ne da ya samu gata. Baba yana cewa mai walda mutum ne da in ya kasa haɗa abu sai ya ƙona shi. Duk da haka ya zo, riƙe da rodi mai tsayin mutum biyu, ya je can ƙarshen layi ya tsaya kusa da shagon magani.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne yadda abin zai kasance a idon mai wucewa. Ga dattijo ya sunkuya a bayan na'ura mai ƙafa uku a bakin titi, fensir a kunne. Ga wani can nesa riƙe da dogon ƙarfe. Ga ni da littafi ina rubuta lambobi.

Mai aski ne ya fara leƙowa. Ya koma, ya fito da mai gyaran waya. Kafin minti goma labari ya gama layi cewa za a faɗaɗa titi, an zo shata inda rusau zai tsaya.

Baba bai san ana yi ba. Ido ɗaya a kyamara, yana ɗaga hannu yana ƙwala wa Mai Walda kira.

"Dama kaɗan! Ƙara! Shiga ciki!"

Mai Walda ya matsa har rodin ya tsaya a kan dakalin shagon magani. Mai maganin ya fito da farar rigarsa ya dafe kai. Baba ya ce, "A'a, ya yi yawa, koma hagu!" Mai magani ya sauke ajiyar zuciya, mai wanki da guga da ke hagun ta fasa ihu. Mai kanti ya kira ƙannensa suka fara jan firjin lemo zuwa ciki. Mai aski ya lallaɓo da lemo mai sanyi ya ajiye kusa da ƙafar Baba, ya ce a hankali, "Baba, mun daɗe tare. In da hali a ɗan kauce wa shagona." Baba bai ɗago ba ya ce, "Kai ai tun ɗazu ka fita daga ciki." Baba cikin hoto yake nufi, amma mai aski ya tafi bai san murna zai yi ko kuka ba.

Ita kuwa Mama hannunta ya gaji.

"Uwar yara, kina motsi."

"Numfashi nake yi."

"To ki rage."

Mai Walda shi ma ba ya tsayuwa. Duk wanda ya wuce sai ya saki hannu ɗaya ya gaisa, rodin ya sunkuya tare da shi. Da mutane suka kewaye shi suna tambaya, maimakon ya faɗi gaskiya sai ya haɗe fuska ya ce ba a ba shi izinin magana ba. Daga baya ya ce a rayuwarsa ba a taɓa girmama shi kamar ranar ba.

Muna ta yi. A juya dama, rodi ya leƙo ta gefe ɗaya. A juya hagu, ya leƙo ta ɗaya gefen. Baba ya sassauta noti, ya tura kyamarar baya kamar faɗin farce, ya ɗaure. Leƙen ya riƙa raguwa. Sau ɗaya muka zarce, rodin ya koma leƙowa ta inda ba ya yi da, Baba ya ce, "Mun wuce gidansa," ya dawo da ita gaba. A karo na goma sha tara ya juya dama, ya juya hagu, ya sake juyawa, ya ɗago.

"Auta, zo ki gani."

Na duba. Sandar Mama ta rufe rodin ruf. Na kai su gefen hoton na dama, na kai su na hagu, rodin bai ko leƙo ba. Baba ya zaro fensir daga kunne ya ja layi siriri a kan katakon, ya miƙe yana dafe da ƙugu, ya ce da ƙarfi, "An samu! A nan yake!"

Mutane suka matso. Mai wanki ta ce, "A ina, Baba?" Ya nuna mata wani wuri a jikin gilashin, kamar yatsa biyu daga bakinsa. Ta dubi wurin, ta dube shi. Sai da na hau dakali na yi bayani sau uku kafin aka yarda ba za a rushe komai ba. Mai kanti ya ce to wa zai taya shi mayar da firji. Mai aski ya zo ya duba lemonsa, ya tarar Mama ta shanye.

Murnar ba ta kai awa ɗaya ba. Muna cikin gida na murɗa gilashin don in jawo hoto kusa, na sake gwadawa da ƙafar tebur da gefen taga, sai suka goce. Na gaya wa Baba cewa da alama in an murɗa, idon yana sauya wuri.

"Yana me?"

"Yana matsawa, Baba."

"Idon? Yawo yake yi a ciki?"

Ya zauna ya riƙe kai. Ya ce ya yi aiki da katako mai kumbura da damina, ya yi aiki da masu gida masu sauya magana, amma bai taɓa ganin abin da ba shi da amana kamar wannan gilashin ba. Washegari ya so a koma titi a auna kowane murɗi. Mama ta ce in an ga ta sake riƙe sandar nan to ƙasa take gogewa. A tsakar gida muka ƙarasa, da sanduna biyu a cikin bokitan yashi, abin da tun farko ya kamata mu yi. Ya ja layi huɗu a katakon, sannan ya naɗe gilashin da salatif a kan na farko, ya ce in na kuskura na murɗa ba da saninsa ba, ba shi ba ni.

Na koma gidan mai baranda shuɗiya na sake ɗauka. Kwamfuta ta ɗinke shi ba tabo. Dillali ya ce kamar ba ni ba. Baba ya sa na kira shi a waya don ya tabbatar an cire tsohon hoton, kuma ya nemi a ba shi sunayen mutum ɗari uku da goma sha ɗayan a aika musu da sabon. Dillali ya ce zai duba.

Daga nan masu hoto suka fara zuwa shagonsa, don na nuna wa biyu, biyun suka nuna wa goma. Ba ya sayar wa kowa katakon sai an kawo kyamarar ya gwada ta da kansa, kuma yana yi musu faɗa kamar su suka ƙera gilashin. Mai Walda ya yi nasa na ƙarfe don ya nuna masa iyakarsa. Ya yi ƙarko, amma sai mutum biyu ke ɗaga shi, yanzu da shi yake tokare ƙofar shago.

Bara Mama ta matsa masa ya je a gwada shi a ba shi tabarau, don ya fara riƙe jarida a nesa kamar tana wari. Ni na raka shi. Likitar wata mata ce mai haƙuri. Tana haska masa ido ya ce, "Likita, tambaya gare ni. Mutum in zai waiga, a kan me yake juyawa?"

Ta ce a kan wuyansa mana.

"Wuya kuma yana bayan ido."

Ta ce haka ne. Ta ƙara da cewa ko ƙwayar idon kanta in ta juya, ba daidai a kan hudar take juyawa ba, a ɗan bayanta ne. Ƙwaƙwalwa ce take daidaita komai ba mu sani ba.

Muna isowa gida Baba ya fara mita. Ya ce wato shekara saba'in yana waige a kan wurin da ba daidai ba, ana yi masa ɗinki a ɓoye, kuma ba wanda ya gaya masa.

Da hantsi washegari na fito na same shi a tsakiyar falo. Ya ɗaura zaren awonsa a ƙugiyar fanka, dalmar tana lilo daidai saman girarsa ta dama. Ya ƙame kai a wuri ɗaya, yana jan ƙafafu a hankali yana zagaye idonsa, gindi a waje, hannuwa a buɗe kamar kaza za ta sauka daga katanga. Mama ta fito daga kicin da faranti, ta tsaya. Ta ja kujera ta zauna ta kalla har ya zagayo. A zagaye na biyu jiri ya ɗebe shi, ya dafa bango, ya sulale ya zauna a ƙasa yana haki.

"To," in ji Mama, "me ka gani wanda mu ba mu gani ba?"

Ya daɗe yana tunani, don shi ba ya amsa tambaya da wasa.

"Akwai yanar gizo-gizo a bayan labulen can."

Ta tashi ta ɗauko tsintsiya mai dogon hannu ta miƙa masa, ta ce tunda shi ya gano ta, shi zai cire. Ya ce sai jirin ya sake shi. Ta ce ba ta sauri, ta jingine masa ita a kafaɗa ta koma kicin.